Ruwa muna da shi, wurin zama a bakinsa ne babu

Washegarin ƙaramar sallar da ta wuce nace wallahi bana ba zan shiga cinkoson cikin gari da yara ba. Duk mai iyali ya san wannan wahalar, ka biya kuɗin get ka biya na lilo ka biya na ayis kirim, rana tana dukanka, mutum a kan mutum, kana riƙe da hannun wannan kana ƙirga wancan kar ya ɓata, daga ƙarshe ku dawo gida kowa ransa a jagule kamar daga layin asibiti kuke. Sai nace da maman yara ta dafa mana shinkafa da wake tun da asuba ta soya mai ta haɗo yaji, muka cika kula da zoɓo da fiya wata, muka naɗe tabarmi biyu muka ɗau buta muka zuba a but, muka kama hanyar wani dam da ke wajen gari, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna.

Muna hawa wani tudu sai ga ruwan ya buɗe a gabanmu, fari tas iya ganinka, ƙaramar 'yata mai shekara biyar ta miƙe tsaye a bayan mota tace "Abba wannan shi ne teku?" Yayyenta suka kwashe da dariya, ni kam dariyar maƙale min tayi. Yarinyar nan a Kano aka haife ta, jihar da madatsun ruwa suke birjik, amma ruwa mafi girma da ta taɓa gani da idonta shi ne kududdufin bayan layinmu in damina tayi nisa.

Toh amma muna sauka murna ta fara komawa ciki. Bishiya ɗaya ce tak mai inuwa a duk inda mota za ta iya kaiwa, wata tsohuwar ɗorawa, ita ma wasu samari sun riga mu suna kwance a gindinta idanu jawur, kana ganinsu ka san ba kallon ruwa ne ya kawo su ba. Ƙasa kuwa ledar fiya wata da kwalaben sirof da fasassun kwalabe, can gefe tifa biyu ana loda musu yashi. Ko minti goma ba mu yi ba wani yaro ya ɓullo yace Alhaji kuɗin get. Nace ina get ɗin? Yace ai haka ake biya. Nace to kawo rasit, sai ya hau sosa ƙeya. Na miƙa masa ɗari biyar dan a zauna lafiya, mota ce da ni a wurin ga mata ga yara. Can maman yara ta matso ta raɗa min tambayar da ta fi kowacce nauyi, wai ina banɗaki. Na duba gabas na duba yamma nace mata sai dai haƙuri, ko kuma bayan waccan sabarar. Kallon da ta watsa min har yau ban manta shi ba.

Wanda ya ceci yinin wani dattijo ne masunci da muka tarar yana ɗinkin kalli, ya kifa wani tsohon kwale-kwale ya zauna a kai, zare a baki, ya maƙale bakin ragar a babban yatsan ƙafarsa yana ja. Muka gaisa yace "Alhaji kawo jikokin nawa in zaga da su mana." Yara suka hau tsalle. Na leƙa jirgin da yake aiki da shi naga ruwa kwance a ciki ga wata yankakkiyar jarka ta kwarfewa, nace Baba akwai rigar ruwa kuwa, laif jaket? Yayi dariya har zaren ya faɗo daga bakinsa, yace tun yana saurayi yake kan ruwan nan bai taɓa saka ta ba. Nace ai kai ka iya ruwa Baba, waɗannan ko a baho sai an riƙe su. Na hana. Aka yi kuka aka yi fushi, babban har da cewa dama lilon muka tafi. Sai dattijon ya janyo kwandonsa ya shiga nuna musu kamun da yayi da asuba, ga karfasa ga tarwaɗa, wannan kurungu ne ku kula da ƙayarsa, ya ba su labarin minjirya mai jan mutum kamar wutar nefa, da gaiwa wadda take binne kanta a laka in ruwa ya janye ta cinye rani guda a nan tana jiran damina. Daga nan suka bazu a bakin ruwa suna tsintar bawon katantanwa da duwatsu masu santsi, awa biyu cur ba wanda yace Abba ara min waya. Uwarsu ta samu wani faffaɗan dutse ta zauna tayi shiru tana kallon ruwa iska na kaɗa mata hijabi, na jima ban ga fuskarta a sake haka ba.

Tun ranar abin yake cina. Ruwan nan Allah ya ba mu, gwamnatocin baya sun tare shi, hanya ma ba laifi, abin da ya hana wurin zama wurin da magidanci zai kai iyalinsa da kwanciyar hankali bai wuce inuwa da banɗaki da rigar ruwa da wani mai faɗa a ji ba. Amma duk sanda ka ji wani gwamna ko kwamishina ya ɗauko zancen yawon buɗe ido, jira kaɗan, otal za ka ji. Za a gina katafaren otal a bakin ruwa, za a sa hannu a yarjejeniya da wasu baƙi masu kwat, za a jawo Turawa da masu zuba jari. Ni dai ra'ayina a fili yake, a daina. Mun gwada wannan hanyar tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutun.

Marigayi Audu Bako, gwamnan soja na farko na jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, mutum ne mai hangen nesa, wannan ba mai musu. A zamaninsa aka yi dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, ruwan da yake iya tarewa ya kusa mita kubik biliyan 2, shi ne yake shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure har yau, tumatir da shinkafar da muke ci. Kuma ba a tsaya a noma kaɗai ba, an yi tunanin hutu, aka yi otal ɗin tafkin Bagauda aka yi Rock Castle a kan dutse a Tiga. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 da 1980 in suna ba ka labarin wikend a Bagauda sai ka ɗauka wata ƙasa suke nufi. Yau fa? Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a daminar 1988, otal ɗin kuma daga baya ya koma makarantar horas da lauyoyi, Rock Castle ya kwashe shekaru masu yawa ba baƙi. Babban gini cin kuɗi yake kullum, yana son dizal yana son fenti yana son albashin ma'aikata, ranar da gwamnatin da ta gina shi ta tafi wadda ta gaje ta kuma ba ta da ra'ayinsa, shikenan sai jemagu. Su kuwa masunta da aka tarar ko suka biyo ruwan suna nan, gwamnati goma ta zo ta wuce suna nan suna jefa birgi.

Wai ma tukuna wane ne ɗan yawon buɗe idon da ake ta jira? Baturen da ofishin jakadancin ƙasarsa ya gargaɗe shi kar ya taka arewa? Ko Alhajin da in ya tashi hutawa Dubai yake tafiya ko Masar, ya ɗauko mana hoto a bakin teku ya ɗora a Facebook? Waɗannan ko zinare ka shafe otal ɗin da shi ba za su zo ba. Mai zuwa shi ne malamin firamare mai 'ya'ya shida, da mai shago a Kwari da yake son ya fita daga hayaniya yini ɗaya, da 'yan ajin ƙarshe na islamiyya bayan sauka, da ango da amarya masu neman inda za su zauna su biyu ba dangin miji a kansu. Miliyoyin mutane ne a birnin Kano kaɗai, kuma babu ɗayansu da yake buƙatar ɗaki mai esi a bakin dam. Da safe zai zo da kularsa, la'asar sakaliya ya kama hanyar gida.

Haka abin yake ko'ina ka duba, Zobe a Dutsin-ma, Challawa a Ƙaraye, Dadin Kowa a Gombe, Goronyo a Sakkwato, tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, ga fadamun Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su zo su ci sanyin hunturu a Baturiya da Dagona, mu da muke maƙwabtaka da su ba mu taɓa zuwa mun gani ba.

Sai dai in na ɗora wa gwamnati laifin duka nayi son kai. Mu ma akwai namu. Da na gaya wa Hajiyarmu inda muka je sai da ta dafe ƙirji, tace "yanzu kai da hankalinka ka kwashi jikokina ka kai su bakin ruwa? Ba ka san ruwa yana da masu shi ba?" Haka aka rene mu, ruwa wurin aljanu ne, akwai 'yan ruwa masu jan ƙafa, dam kaza duk shekara sai ya ci mutum. Ban ce babu aljanu ba, amma ni abin da na gani da idona a bakin dam ɗin nan ramukan masu ɗibar yashi ne, kana tafiya ruwa iya gwiwa taku ɗaya ka zurma ramin da ya fi tsayinka biyu, ga laka mai riƙe ƙafa. Yaron birni bai iya ruwa ba, ba wanda ya koya masa, ba alamar da ta nuna masa nan zurfi ne, ya faɗa ya mutu sai ace ruwa ya ci shi, a yi addu'a a watse, baɗi wani ya sake faɗawa ramin nan dai. A Argungu da Yawuri yaro ɗan shekara bakwai yana iyo kamar tarwaɗa, su aljanun can hutu suka tafi? Hausawa da kansu suka ce iya ruwa fidda kai, amma a makarantunmu na birni da wuya ka ji inda ake koya wa yaro iyo.

Kuma kar wani ya ɗauka tsoron da na ji na hana yara hawa jirgin nan tsoron banza ne. Ƙarshen watan Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai da ɗaliban islamiyya da suka taso daga Badau za su maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu yawancinsu yara ƙanana. A watan Mayun shekarar nan dai wani jirgin ya nutse a yankin Warrah ta jihar Kebbi da sama da mutum 150 a ciki, a Yunin 2023 kuma 'yan biki sama da 100 suka halaka a Patigi. Kusan kullum labarin ɗaya ne, lodi ya wuce kima, jirgin ya tsufa, ba rigar ruwa. Waɗannan ma ba shaƙatawa suka fita ba, hanyarsu ce ta dole. Shi ya sa nake ganin maganar gyara bakin ruwa dan masu hutu da maganar ceton ran mutanen ƙauyen da suke tsallaka ruwan nan kullum magana ɗaya ce. Ranar da aka ce kowane kwale-kwale an rubuta masa a jiki da jan fenti mutum nawa yake ɗauka, an rataye masa riguna daidai wannan adadin, akwai kuma wanda zai hana shi tashi in ya ƙara ko mutum ɗaya, to ɗan birni mai selfi ya amfana, matar da za ta kai tallan nono hayin can ta fi shi amfana.

Akwai kuma tsargiya, in faɗa tun kafin likitoci su faɗa min. Ruwan dam da na fadama yana ɗauke da ita, ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan katantanwa take girma ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini. Wannan ma allo ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya sun isa su gaya wa baƙo inda zai taka da inda ba zai taka ba. Ni bawon da ya bushe a kan yashi kawai na bari suka tsinta, kuma muna dawowa aka dirje su da sabulu.

Ɗaya matsalar tamu ita ce kallon da muke wa fita kanta. Kace za ka fikinik sai a fara maka wani gani-gani, kalmar ta riga ta ɓaci, an haɗa ta da kiɗa da cakuɗuwar samari da 'yan mata da shaye-shaye. Kuma gaskiya ne ana yi, na gaya muku waɗanda na tarar a gindin ɗorawa. Amma me ya ba su wurin? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda magidanta suke shimfiɗa tabarma da matansu, ana kiran sallar azahar ana jam'i, dattijai suna kai-kawo, ɗan ƙwaya ba ya iya sakewa a nan, da kansa zai ƙara gaba. Mu muka ƙaurace muka bar musu sannan muka dawo muna cewa wurin na 'yan iska ne. Alhali sau nawa malamai suke karanta mana ayoyin da suke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halittar Ubangiji? Ni dai tasbihin da ya fito daga bakina da na ga ruwan nan daga kan tudu ban shirya shi ba.

Matanmu kuwa abin ya fi shafa. Ka zauna ka lissafa inda matarka ta je a shekarar nan, gidan biki, gidan suna, gidan gaisuwa, asibiti, kasuwa in ka bari. Duk wuraren aiki ne ko na hayaniya. Mu maza ko ba komai muna da majalisa muna da teburin mai shayi muna da gidan kallon ƙwallo. Rashin banɗaki guda ɗaya mai ƙofa ya isa ya kori duk matan gari daga wuri, in mata ba su zo ba kuwa yara ba za su zo ba.

Zancen kwana a daji cikin tanti kuwa, irin wanda muke gani Turawa da Larabawa suna yi a bidiyo, su kafa tanti a bakin tafki su hura wuta su jefa fatsa, wani abokina da na nuna masa cewa yayi mu da muka samu muka tsere wa kwanan bukka shi ne za mu biya kuɗi mu koma? Na yi dariya amma ai mu ne 'yan asalin abin. Masunta suna kafa tunga su yi watanni a bakin ruwa, shi ya sa garuruwa masu suna Tungan wane suka cika bakin Neja, mafarauta suna kwana a dawa, Fulani kuwa ba a magana. Sai dai yau ba zan ce wa kowa ya ɗau iyalinsa ya je ya kwana a daji ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kamuku ta Birnin Gwari gandun shaƙatawa ne na ƙasa, wa zai je yanzu? Gandun tafkin Kainji ma 'yan bindiga sun shige shi. Falgore sai da ta kai an mayar da wani sashenta filin atisayen sojoji. Sambisa da sunanta kaɗai yake tayar da hankali gandun namun daji ce tun asali. A Nijar, Kure inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, a watan Agustan 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da direbansu da mai yi musu jagora. Duk wanda ya ce maka ba komai ka je kawai, ba masoyinka ba ne. Amma ka lura da yadda abin ya faro a yawancin dazukan nan, ma'aikatan gandu suka ragu ba kayan aiki, baƙi suka ɗauke ƙafa, hanyoyi suka mutu, daji ya zama ba mai shiga ba mai fita, sannan masu bindiga suka samu gida. Labarin gindin ɗorawar nan ne dai aka faɗaɗa shi. Shi ya sa nake cewa a fara da na kusa da gari, na yini ɗaya, tun kafin su ma mu rasa su.

In kana son ka san mutanenmu suna son irin wannan fitar ko ba sa so, je Yankari lokacin hutun ƙarshen shekara. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Na je sau ɗaya da abokai muna samari. Giwa ba mu dace da gani ba, gwaggon biri kuwa har burodi ya fizge a hannun ɗayanmu ya hau bishiya yana ci yana kallonmu. Amma abin da kowa yake tunawa ruwan Wikki ne, yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina. Na ga dattijo da furfura yana wasa da ruwa kamar yaro. Motocin makarantu da na iyalai daga Kano da Jos da Gombe suka cika wurin, Baturen da na gani bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Wa zai riƙe wurin in an gyara? Nan ne nake ganin Argungu ta riga ta ba mu amsa. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Kabi, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, mutane kallon ranar kawai suke, dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin kogin Matan Fada. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne me ya sa ake samun giwan ruwa mai nauyin babban mutum a wurin. Dan an hana kamun kifi a wannan yankin na kogin sauran kwanakin shekara ne, kuma masu tsare dokar Sarkin Ruwa ne da Homa da mutanensu, mutanen da masunci yake jin kunyarsu yake kuma tsoron bakinsu. Kusan duk wani ruwa a ƙasar Hausa yana da sarkin ruwansa. A ba shi da ƙungiyar masuntan wurin wani yanki na bakin dam a rubuce, ƙaramar hukuma ta dasa darbejiya da mangwaro ta kafa rumfuna ko na zana ne, a yi banɗaki na maza daban na mata daban da ɗan dandamalin salla, a ja igiya da jarkoki a ruwa a nuna iyakar inda yaro zai tsaya, a hana tifa ɗibar yashi a wannan yankin. Kuɗin shiga ya zama kaɗan, da rasit, a rubuta a allo nawa ne na masu shara nawa ne na masu tsaro. Matan ƙauyen su soya kifi su kawo banda da fura, samarin su yi fito da baƙi su ba da hayar fatsa. Yaron nan da ya karɓe min ɗari biyar a banza, a ɗinka masa riga a ba shi littafin rasit, dama aikin yake nema. Duk wannan ban jin zai kai kuɗin katangar otal ɗaya, wataƙila ma shi ya sa ba a son yinsa, ba kwangila mai maiƙo a ciki.

Na san abin da wasu za su ce, ana fama da abin da za a ci, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutum ko zuwa aiki da ƙyar yake, kai kana zancen shan iska a bakin ruwa. Na ji, kuma man da na ƙona ranar sai da na ji shi a jikina har ƙarshen wata. Amma mai kuɗi ai ba ruwansa da wannan maganar, yana da biza yana da gidan gona. Talaka ne ba shi da inda zai kai ransa ya huce, ga hawan jini yana ta kwasar mutane. In mutum goma sha takwas suka haɗa kuɗin bas ɗaya daga unguwa, abin bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba sau ɗaya ko biyu a shekara, kuɗin kuma a hannun wani talakan zai faɗa. Wanda ya fi damuna shi ne ƙorafin da wani injiniya ya yi min, yace ruwan nan fa shi ake sha shi ake ban-ruwa da shi, in kuka tara jama'a a bakinsa da halinmu na zubar da leda da kashi a ko'ina, wata biyu ya zama bola. Wannan kam ban da bakin musu, dan ko mu da za mu taso sai da na tsawatar wa babban ɗana ya koma ya kwashe ledojin da ya watsar, yana ce min ai Abba kowa ma zubarwa yake. Sai dai yanzun ma da ba kowa a wurin bolar ce, bambancin kawai ba wanda aka ɗora wa alhakin sharewa.

Bawon katantanwar nan suna nan cikin gwangwanin madara a kan taga, ƙaramar ta hana kowa taɓawa, duk wanda ya zo gidan sai ta juye masa su a tabarma ta gaya masa daga teku ta samo. Satin da ya wuce na yi ta yawo wajen 'yan gwanjo har na samu laif jaket uku na yara, ɗaya zif ɗinta ya mutu na kai wa tela ya sa mata igiya, suna but ɗin mota yanzu haka. In Allah ya kai mu babbar salla zan koma in nemi dattijon nan ya zaga da su, ni ma in samu ta manya in shiga. Maman yara dai tace ƙafarta ƙafar wurin sai in na warware maganar banɗaki, dan haka yanzu tampol nake ciniki da sanduna huɗu.